Daga Lima zuwa Sukre a motar haya, ina bin sawun gyada da dankali

Aiki ne ya kai ni Lima, babban birnin Peru. Ni malamin gona ne, aka tura ni kwas na mako biyu a kan irin dankali, domin a can hedikwatar cibiyar binciken dankali ta duniya take. Da aka tashi kwas abokan tafiyata suka kama hanyar filin jirgi, ni kuwa na riga na nemi hutun mako uku a wurin aiki. Tun ina ɗalibi na karanta cewa dankalin da muke kira na Turawa asalinsa ba na Turawa ba ne, gyadar da marigayi mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana nomawa ita ma baƙuwa ce a ƙasarmu, duk daga tsaunukan Andes da gindinsu suka fito. Na ce tunda Allah ya kawo ni bakin ƙofa, ba zan juya ban leƙa cikin gida ba. Na kuma ƙudura cewa ƙasa zan bi, tasha zuwa tasha har Sukre a ƙasar Bolibiya, da jakar goyo ɗaya da ɗan Sifaniyancin da na tsinta a mako biyun nan.

Watan Yuni ne, lokacin sanyinsu. Lima a bakin teku take amma kusan ba a ruwan sama, sai wani hazo mai laima da suke kira garuwa, wanda yake rufe gari tun safe har dare. Ranar Juma'ar ƙarshe na je masallacin unguwar Magdalena del Mar, wani tsohon gida ne aka mayar masallaci. Bayan an sallame na zauna da wani dattijo ɗan asalin Falasɗinu da ya tsufa a garin, na gaya masa niyyata. Ya ce, "Ɗana, abu biyu zan ba ka. Ka haddace sin chancho, wato ban da alade, ka faɗe ta kafin a zuba maka kowane abinci. Na biyu, kada ka haye dutse rana ɗaya. Ka fara da Arekipa, jikinka ya saba." Duk tafiyar nan babu shawarar da ta yi mini amfani kamar waɗannan biyun.

Shi ne kuma ya buɗe mini kunne a kan harshen. Magajin gari a wurinsu alcalde ne, daga kalmar Larabcin da mu ma muka samo alƙali. Mai aceite ne, daga zait na Larabci, wato man zaitun. In suna fatan abu sai su ce ojalá, wadda tushenta ambaton Allah ne. Ƙarni kusan takwas da Musulmi suka yi a Andalus ne ya bar wannan a bakin Sifaniyawa, su kuma suka tsallako da shi teku. A tsohon gari, wanda Faransisko Pizaro ya kafa a 1535, har yanzu akwai barandojin katako masu raga, irin waɗanda mace za ta ga titi ba a gan ta ba.

Daga Lima na shiga motar kudu. Manyan motocinsu hawa biyu ne, kujerar tana kwantawa kusan kamar gado, kuma akwai allo a gaba da yake nuna gudun direba, yana ƙara in ya wuce kilomita 90. Teku a dama, hamada tsirara a hagu, awa bakwai har Naska. Mutane suna zuwa Naska ne don manyan zane-zanen da magabata suka yi a doron hamada, na tsuntsu da biri da gizo-gizo, waɗanda wata Bajamushiya, Maria Reiche, ta ƙarar da rayuwarta tana aunawa da karewa. Na hau hasumiyar ƙarfen da ke bakin titi na ga biyu daga ciki. Amma abin da ya tsayar da ni rabin yini shi ne rijiyoyin Kantayok, a bayan gari. Magudanan ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa da aka gina da duwatsun kogi, kowane 'yan taku akwai baki mai faɗi da yake sauka a karkace kamar katantanwa, mutum ya bi ya gangara har ya taɓa ruwan. A ƙasar da za a shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba, na ga ruwan nan yana fita yana shiga gonar masara da auduga. Waɗanda suka tona sun mutu tun ɗaruruwan shekaru, manomin yau yana ban-ruwa da aikinsu.

Motar dare ta sauke ni Arekipa da hantsi. Garin yana kan tudun mita 2,300 da ɗoriya, an gina tsakiyarsa da wani farin dutsen aman wuta da suke kira siyar, dutsen Misti kuma yana tsaye a kansa kamar an kifa ƙwarya. Kwana biyu na yi, mafi yawansu a kasuwar San Kamilo. A layin masu dankali na tsaya na kasa gaba. Akwai baƙi ƙirin, akwai ja, akwai mai ruwan ɗorawa har ciki, akwai dogo kamar yatsa, akwai mai ƙulle-ƙulle. A kwas an gaya mana Peru tana da iri sama da 3,000, na rubuta a littafi na wuce. A nan ne na ga abin da lambar take nufi. Kowane iri da aikinsa: wannan na miya, wannan na gashi, wannan ba ya jin sanyi, wancan ba ya jin ƙwaro. Matan kasuwar suna kiran mai saye caserito, shi kuma ya kira su casera, kamar a ce abokin ciniki na gida. Na sayi lemo a wurin wata, bayan ta ƙirga ta ɗauko ɗaya ta ɗora ta ce, "Yapa." Gyara ke nan, ba ƙari ba ragi. Daga ranar duk kasuwar da na shiga sai na nemi yapa, kuma ba a taɓa hana ni ba.

Hanyar Arekipa zuwa Kusko awa goma ce cikin dare, kuma tana hawa sama da mita 4,000. A nan na haɗu da abin da suke kira soroche. Wajen ƙarfe biyu na farka kaina yana sarawa, ina jan numfashi ba ya cika ƙirji, tagar motar ta yi ƙanƙara ta ciki. Wata tsohuwa a kujerar gefe, mai kitso biyu har gadon baya da faffaɗan siket hawa-hawa, ta lura da ni. Ta kwance ƙullin zanenta ta ba ni ganye 'yan kaɗan, ta nuna mini in tattara a kunci kada in haɗiye, tana cewa, "Despacio, papito," wato a hankali. Ganyen koka ne. Na san daga shi ake sarrafa hodar ibilis, amma ganyen kansa a Peru da Bolibiya halas ne a doka, ana shan shayinsa a kowane masauki, ana taunarsa a gona da wurin aiki kamar yadda ake cin goro. Ya ɗan sassauta mini. Abin da zan gargaɗi duk mai zuwa shi ne kada ya kuskura ya saka ko ganye ɗaya a jakarsa ta komawa gida, don a filin jirgin wata ƙasa ba za a saurari bayani ba.

Kusko tana kan mita 3,400. Ita ce hedikwatar daular Inka, kuma ba sai an gaya maka an ci garin da yaƙi ba, bango zai gaya maka. Ƙasan gini manyan duwatsu ne da aka sassaƙa aka haɗa ba laka ba siminti, ko reza ba ta shiga tsakaninsu. Samansa kuwa farin ginin Sifaniyawa ne. A Korikanca, babban ɗakin bautar rana na Inka, an ɗora cocin Santo Domingo a kan harsashin. Girgizar ƙasa ta 1950 ta rushe babban sashe na cocin, ginin Inka na ƙasa bai gusa ba. A 1532 ne Pizaro da mutum 168 suka kama sarki Atawalpa a Kahamarka, can arewa, ya cika musu ɗaki da zinariya sau ɗaya da azurfa sau biyu don fansar kansa, suka karɓa suka kashe shi a shekara mai zuwa. A dandalin tsakiyar Kusko, inda yanzu baƙi suke shan gahawa, a nan aka kashe Tupak Amaru na Biyu a 1781 bayan ya jagoranci tawaye. Na zauna a kan matakalar dandalin ina kallon jikokin mutanen nan, mata cikin tufafin gargajiya rungume da 'yan tumaki, suna jiran baƙo ya ɗauke su hoto ya ba su 'yan sulalla. Raina bai yi daɗi ba, sai na tashi na nemi tashar ƙananan motocin ƙauye.

Ƙaramar mota irin wadda ba ta tashi sai ta cika ta kai ni Cincero, kuma a bayan garin na ga abin da ya fi komai zama mini a rai. Fili ne shimfiɗe da ƙananan dankali a kan ciyawa, wata iyali suna tattaka shi da ƙafa ba takalmi. Na yi sallama da irin Sifaniyancina, maigidan ya amsa, matarsa kuwa harshen Kecuwa kawai take ji. Cunyo suke yi. A watan Yuni da Yuli, lokacin da dare yake daskarar da ruwa, sai a baza dankalin a bari sanyi ya daskarar da shi, rana ta fito ta narkar, a taka ruwan ya fita ɓawon ya saɓule, a sake bari. Bayan 'yan kwanaki ya koma baƙi, busasshe, mara nauyi kamar gawayi, kuma zai yi shekaru a rumbu bai lalace ba. Irin da ake yi da shi ma mai ɗaci ne, wanda yake jure sanyin da sauran ba sa jurewa, kuma wannan aikin ne yake fitar da ɗacin. Ni da na san yadda manomin dankali a Filato yake sayar da amfaninsa da arha don tsoron ruɓewa, na tsuguna a wurin na fi awa ɗaya. Na san ba za mu iya kwafa ba, don ba mu da wannan sanyin. Abin da ya kama ni shi ne mutanen nan sun ɗauki sanyin da yake kashe musu shuka sun mai da shi ma'aikacinsu. Da wannan cunyon sarakunan Inka suka cika rumbunan da na gani jere a jikin dutse a Oyantaitambo, inda iska take ratsa su, don ciyar da sojoji da tsaron shekarar yunwa. Maigidan ya cika mini tafi biyu, ya ƙi karɓar kuɗi.

Washegari na ga Morai, da'irorin gonaki masu matakala da suke nutsawa cikin ƙasa, inda ƙasan ya fi sama ɗumi. Masana da yawa suna ganin gonar gwajin iri ce. Na ga kuma tafkunan gishirin Maras, dubbai a jikin tudu, ruwa ɗaya mai gishiri yana bi ta cikinsu, kowane gida da nasa.

Machu Picchu, tsohon garin Inka da ke kan dutse, na je ta hanyar marasa kuɗin jirgin ƙasa: awa shida zuwa bakwai a ƙaramar mota, a haye mashigar Malaga mai mita 4,300, a gangara cikin zafi da gonakin ayaba zuwa tashar wutar lantarki, sannan a taka kusan kilomita goma a gefen layin dogo. Wurin yana da kyau yadda ake faɗa. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 15 zamanin sarki Pacakuti, Ba'amurke Hiram Bingham ya sanar da duniya shi a 1911, kodayake manoman yankin ne suka nuna masa hanya, wasu ma suna noma a kan matakalarsa. Na fi kallon magudanan ruwa da yadda aka jera tsakuwa da yashi da ƙasar noma a kowace matakala don kada ruwan sama ya zaftare dutsen. Da azahar jama'a ta yi yawa, na sauko.

Daga Kusko na bi tudun Altifilano zuwa Puno, bakin tafkin Titikaka, mita 3,800 a sama. Na leƙa tsibiran Uros da ake saƙawa da ciyawar totora, na ci soyayyen kifi, na wuce. Iyakar Bolibiya a ƙafa ake tsallakawa: a buga maka hatimin fita, ka ɗauki jakarka ka bi ta ƙarƙashin wata ƙofar dutse, a buga na shiga. Gaba da Kopakabana, a mashigar Tikina, aka sauke mu muka shiga ƙaramin kwalekwale, motarmu kuma aka ɗora ta a kan wani faffaɗan jirgin katako tana tangaɗi a bayanmu. Da magariba muka ratsa cunkoson El Alto, kwatsam ƙasa ta buɗe, sai ga La Paz a cikin kwari, fitilu sun cika shi daga ƙasa har baki. A wannan birni talaka ne yake sama, inda sanyi ya fi tsanani iska ta fi ƙaranci, mai kuɗi yana can ƙasa. Tun 2014 an haɗa sama da ƙasa da kekunan igiya masu shawagi, kuma ba na yawon buɗe ido ba ne, motar hayar gari ce. Na zauna a ciki tare da matan ƙabilar Aimara masu ƙananan huluna a tsakar ka, da ɗaurin kayansu na kasuwa, muna wucewa ta saman rufin gidaje.

Hanyar Potosi ta ba ni wahala. Bayan Oruro, da asuba, motar ta tsaya cik. Mutanen wani ƙauye sun tare titi da duwatsu a kan wata buƙata da suke da ita wurin gwamnati, abin da ake kira bloqueo, kuma a Bolibiya kowa ya saba da shi. Babu wanda ya yi faɗa. Fasinjoji suka sauke kayansu, na bi su, muka taka kusan awa ɗaya cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, muka ratsa masu zanga-zangar suna jin wuta, muka sami wasu motoci a ɗaya gefen. Gorar ruwana ta daskare rabi. Na yi taimama a gefen titi na yi sallar asuba, wani saurayi ya tsaya kusa da jakata har na idar.

Potosi tana sama da mita 4,000, ƙarƙashin wani jan dutse da ake kira Sero Riko, wato dutse mai arziki. A 1545 aka gano azurfa a cikinsa, kuma a farkon ƙarni na 17 garin ya kai mutum kusan 160,000, ya shiga sahun manyan biranen duniya, a wurin da ko bishiya da ƙyar take fita. Har yau in Basifaniye zai ce abu ya yi daraja sai ya ce ya kai Potosi. Waɗanda suka haƙo azurfar su ne kakannin masu cunyon nan. A shekarun 1570 wakilin sarkin Sifaniya, Faransisko de Toledo, ya tsara aikin tilas da ake kira mita: kowace shekara kashi ɗaya cikin bakwai na mazan larduna goma sha shida dole su zo dutsen. Suna tahowa da matansu da 'ya'yansu da raƙuman dawansu, wato yama, ɗauke da cunyo da masara. Ƙurar rami da gubar zaibar da ake tace azurfa da ita suka cinye da yawansu.

Na shiga gidan buga kuɗin sarki, wanda yanzu gidan tarihi ne. Akwai manyan injinan katako na murza azurfa da alfadarai suke juyawa daga ƙasa. Mai yi mana bayani ta ce a wannan sana'ar an sa bayi da aka kawo daga Afirka aiki, a bakin wutar narka ƙarfe, cikin wannan sanyin. Da ta faɗi haka sai idonta ya sauka a kaina, ni kaɗai ne baƙar fata a cikin ayarin, ta ɗan yi shiru. Jikokinsu suna nan a kwarin Yungas mai ɗumi, arewa maso gabas da La Paz, suna noman koka da gahawa, matansu suna sa irin tufafin Aimara, suna da kiɗansu da ake kira saya. Na tsaya a ɗakin bayan kowa ya fita na yi musu addu'a, ko su wane ne, daga ko wace gaɓa aka ɗebo su.

Har yanzu ana haƙa a dutsen, yanzu kuza da tutiya suka fi yawa, kuma ƙungiyoyin ma'aikata ne suke yi da kansu. Kansa ya fara burmawa saboda ramuka. Ana kai baƙi ciki. Kafin a shiga akan tsaya kasuwar mahaƙa a sayo musu tsaraba, ganyen koka da lemon kwalba, har nakiya ana sayarwa a fili. Na shiga na yi kamar awa ɗaya, a sunkuye, wani wurin da rarrafe. A wani lungu akwai gunkin da suke kira Tiyo, mai ƙaho, wanda suke ɗauka shi ne mai mallakar ƙarƙashin ƙasa, suna ajiye masa taba da giya. Na ja gefe har suka gama. Wasu samari uku suka wuce suna tura amalanken ƙarfe cike da dutse, kumatunsu a cike da ganye, ɗayansu ba zai wuce sa'an ɗana na fari ba. Cutar huhu ta ƙura ita ce ajalin da yawansu tun ba su tsufa ba. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba a ciki, kuma har yau ina tantamar ko ya dace a riƙa kai 'yan kallo wurin da mutane suke wannan aikin.

Sukre awa uku ce daga Potosi, gangara ce zalla zuwa mita 2,800. Numfashi ya dawo mini, na cire rigar sanyi ɗaya. Farin gari ne mai natsuwa, a nan aka sa hannu a takardar 'yancin Bolibiya ranar 6 ga Agusta 1825. Amma ni gyada ta kawo ni. Masana sun nuna cewa a kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina aka fara nomanta, daga baya jiragen Turawan Fotugal suka kai ta gaɓar Afirka ta Yamma. Daga nan ta bi hannu zuwa hannu har ta zama ƙuli-ƙuli da tunkuza da man gyada, ta zama dalar buhunan da aka san Kano da su bayan isowar jirgin ƙasa, kafin cutar kuturtar gyada ta 1975 ta karya manoma irin mahaifina. A kasuwar tsakiyar gari na tarar da ita a buhuna, maní suke ce mata: ja, fara, mai zane-zane, da wata manya-manya da ban taɓa gani ba. Na ɗebi tafi ɗaya ina jujjuyawa har mai kayan ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata mahaifina manomin wannan ne, a Afirka. Ta ce ba ta san ana nomanta a can ba.

Ita ce ta nuna mini hawa na sama, layin masu abinci, ta ce in nemi sopa de maní. Na faɗi sin chancho, mai abincin ta ce naman saniya ne. Ɗanyar gyada ake niƙawa, ba soyayya ba, shi ya sa miyar take fitowa fara kamar madara, da taliya da ɗan nama a ciki, da soyayyen dankali siri-siri a sama. Ƙarfe goma sha biyu ne a Sukre, biyar na yamma a gida. Na kira mahaifiyata na ce, "Inna, ga ni a garin da gyada ta fito, miyarta ma nake sha." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, da ya ji wannan." Sannan ta tambaye ni da tuwon me suke ci. Na ce babu tuwo, da cokali ake sha. Ta ce to in tambayar mata ko suna sa daddawa.